Layun Kawu Ɗangulbi da Lasin Gwamnati

Kwanakin baya wasu 'yan mata na unguwarmu suka yi mini sallama, kowacce da waya a hannu. Wai an yi musu bitar koyon sana'a, an raba musu murhun ƙarfe mai ƙofa kamar firji, yanzu abin da ya rage in faɗa musu inda ake saro kifi da araha. Na ce to sauran aikin fa? Suka ce ai banda ba wani abu ba ce, ɗora kifi ne a kan hayaƙi. Na shimfiɗa musu tabarma. Abin da na faɗa musu ran nan shi nake rubutawa, don na lura rabinsa bai shiga ba, ɗayarsu ma hoton kazata take ta ɗauka.

Tarwaɗar farko da na taɓa feɗewa ta kufce mini ta faɗa cikin toka, na bi ta da gudu kamar mai kamun ɗan akuya. Lokacin ban daɗe da gama sakandare ba, an kawo ni Ƙaura gidan mijina Malam, wanda ke koyarwa a firamare, albashinsa kuwa yana zuwa ne ran da ya ga dama. Wadda ta koya mini aikin ita ce Inna Kulu, matar Kawu Ɗangulbi, yayan mahaifiyata. Tana zaune a kan turmi tana kallona, ba ta ko motsa ba. Da na kamo kifin na kawo shi buɗu-buɗu ina neman kuka, sai ta ce, "To, kin yi daidai ba da saninki ba. Da toka aka kashe yauƙi. Murza shi." Haka ta koya mini komai. Ba ta taɓa cewa ga yadda ake yi ba, sai kin ɓata tukun ta gaya miki sunan abin da kika ɓata.

A hannunta na san cewa tarwaɗa ana lanƙwasa ta ne tun tana da taushi, a kawo wutsiya wajen kai a soke da tsinke, ta zama kamar gammo. Karfasa ana tsaga ta a baya, ba a ciki ba, in babba ce. Kurungu kuwa sai an fara karya ƙayoyinsa uku kafin a yi masa magana, in ba haka ba, zai bar miki shaida a tafin hannu, ga tawa nan har yau. Gaiwa ba na yinta. Inna Kulu ta ce kifin da ke kwana cikin busasshiyar laka wata da watanni ya fito da rai, ba ta yarda shi kifi ne ba, ni ma na bi bayanta.

Murhuna na farko rabin duro ne da Malam ya samo wajen ma'aikatan jirgin ƙasa, aka huda gefensa, aka ɗora masa ragar waya ta jera kifi. Daga baya na gina na laka, shi ne na gaskiya, don laka tana riƙe zafi ba ta fushi. Wutar farko mai ƙarfi ce, ta dafa kifin ta tsane ruwansa. Sannan a janye itace, a zuba ɓuntun gero ko na shinkafa, a rufe da tsohon buhu, a bar hayaƙi mai sanyi ya yi ta shiga. Nan ne masu gaggawa ke faɗuwa. Kifi ya yi ja a waje, sai su sauke, cikinsa ɗanye, kafin mai saye ya kai Zariya tsutsa ta riga shi ci. Itace ma ba kowanne ba. Ƙirya da marke su ne na banda. Wata rana itace ya yanke mini na sa dogonyaro, kifin ya fito da ɗaci kamar maganin zazzaɓi, har kyanwa ta shinshina ta yi gaba abinta. Ido kuwa kullum ja. Sau da yawa baƙuwa ta shigo ta gan ni tana cewa, "Wa ya rasu?" In ce ba kowa, karfasa ce.

Masu saye iri-iri ne, kuma duk ban fita na neme su ba, ina cikin gidana. Akwai matan ma'aikatan jirgi, Yarabawa da Inyamurai, da ke shigowa su ɗaga kifi su ƙwanƙwasa shi a kunne kamar masu sayen kankana. Su na fi so, don sun san abin da suke nema, in sun samu ba sa ja. Akwai dillalan da ke cika kwali su ɗora a jirgi zuwa kudu, har jirgin ya fara zuwa sai an manta da shi. Akwai 'yan kwalejin kimiyya da ke son na ɗan kuɗi kaɗan amma mai kai biyu. Akwai kuma surukai masu jego a gida, waɗannan sai sun zauna sun ba ni labarin naƙudar tun daga farko kafin su zaɓi tarwaɗa ɗaya. Abin da duk suka yarda da shi a kaina shi ne ba na fesa wa bandata maganin ƙwari, kuma ba na karɓar kifin da aka kashe da guba. Kifin guba ba ya ɓuya. Cikinsa a saki, ƙanana da manya duk a kwando ɗaya, mai kawo shi kuma ba ya son haɗa ido.

Amma mai banda ba ta da sana'a sai da masunci. Ni masuncina Kawu Ɗangulbi ne. Shi ke da taru, wato doguwar ragar nan da maza da yawa ke ja daga bakin tafki zuwa wancan bakin, samanta da guntayen tsoffin silifa don ta yi iyo, ƙasanta da dalma don ta nutse. Ja kowa na iya ja, 'ya'yansa ƙarti ne. Aikin da ba kowa ke yi ba shi ne nutso. In igiyar ƙasa ta sarƙe da kututture, dole wani ya shiga ƙarƙashin ruwa, cikin duhu da laka, ya laluba ya kwance ta ba tare da ya ɗaga ragar kifi ya tsere ba. A tafkin Maikada, da ke kan hanyar Zurmi, Kawu kaɗai ke wannan. Ya san kowane kututture kamar yadda na san tukwanena. Ga shi sunan tafkin ba don ado aka sa masa ba.

Tun kafin mu ji kalmar lasin, ruwa yana da doka. Sarkin Ruwa ke rufe tafki da zarar damina ta ɗauke, ba mai jefa ko ƙugiya sai ran da ya buɗe. Wanda aka kama ya saci ruwa, a ƙwace kayansa, a kuma yi ta ba da labarinsa a kasuwa har jikokinsa su ji. Ƙananan kifi a mayar. Ran Juma'a ba a shiga sai an sauko. Ba a rubuta ko ɗaya ba, amma ban taɓa jin wanda ya ce ya manta ba.

Da aka yanke mana jiha daga Sakkwato, sai gwamnati ta matso kusa. Da can hukuma tana da nisa, kafin doka ta iso Ƙaura ta gaji. Yanzu ga Gusau nan, babur ma ya isa. Aka ce kowane mai raga ya yanki lasin na shekara, da hotonsa a jiki. Aka hana raga mai ƙananan idanu, aka hana guba, wannan kam na yi musu addu'a. Aka turo ma'aikaci, mutane suka sa masa suna Malamin Kifi. Masunta suka yi ta gunaguni, wai ruwan Allah, kifin Allah, sai an nuna takarda. Kawu ma ya yi nasa, amma ya je ya yanka. Ya sha wahalar hoton fiye da komai, don mai hoto ya ce ya cire hula, shi kuwa ya ce ko matarsa ba ta cika ganin tsakiyar kansa ba.

Matsalar da masu ofis ba su hango ba ita ce takarda da ruwa ba sa shiri. An ce masunci ya riƙe lasinsa duk inda yake aiki, shi kuwa wurin aikinsa ruwa ne har wuya. Na wasu ya jiƙe ya zama kunu. To masunta sun daɗe da sanin yadda ake shiga ruwa da takarda ba ta jiƙe ba, tun kakanninsu. Sai suka yi abin da suka sani. Suka kai wa baduku, ya ninke lasin ƙanƙane, ya naɗe da zare, ya ɗinke cikin fata kamar laya.

Kawu mutum ne mai salla, ba ya wasa da azumi, amma layu ne da shi a damtse tun ina yarinya. Na sha yi masa wa'azi da ɗan abin da na karanta, shi kuma ya sha ce mini, "Ɗiyata, ke kina tudu." Da Shari'a ta zo, makaɗa suka rataye ganguna, masu layu suka mayar da su ƙarƙashin riga. Kawu ya cire nasa daga damtse ya zura a igiya ɗaya ya rataya a wuya, daga ciki. Ran da ya kai lasin wajen baduku, sai badukun ya ce fatun tsoffin layun duk sun ruɓe, bari ya sake musu riga gaba ɗaya. Ya sake musu kuwa. Jar fata ɗaya, girma ɗaya, ɗinki ɗaya. Kawu ya dawo yana yaba aikin.

Shekarar da nake son ba ku labari, ruwan sama ya ɗauke da wuri. Gero bai cika ido ba, gulbi ya zama rairayi tun kafin sanyi ya shigo sosai, ƙananan tafkuna suka ƙafe yara na tsintar kifi da hannu. Murhuna ya yi sanyi har kaza ta fara ƙwai a ciki. Masu sayena suka koma wa kifin ƙanƙara da ake kawowa a mota, wanda ba shi da ɗanɗano sai na kwali. Malam kuma yana bin gwamnati albashi. Abin da ya rage mana, mu da gidan Kawu, shi ne Maikada. Shi kaɗai ya riƙe ruwa, kifin ƙasar duk ya taru a ciki, Sarkin Ruwa kuma ya sa ranar buɗewa. In tarun Kawu ya shiga ran nan, na samu abin da zan yi banda har bazara. In bai shiga ba, wasu za su kwashe, shekara ta wuce mu.

Ana gobe buɗewa, Kawu da 'ya'yansa suka baza tarun a gindin tsamiyar ƙofar gidanmu suna ɗinke inda ya yage, don nan ne inuwa mai faɗi. Inna Kulu tana ciki tare da ni muna wanke waya muna tara ɓuntu. Wajen azahar sai muka ji babur ya tsaya. Muka matsa bakin zaure, muka leƙa ta jikin asabari.

Malamin Kifi ne, amma ba wanda muka sani ba, an yi wa wancan canji. Wannan saurayi ne siriri, da 'yar jaka a kafaɗa, da ladabinsa. Ya durƙusa ya gaida Kawu, ya zura yatsu a idon ragar ya ga sun shige, ya gyaɗa kai. Sannan ya ce, "Baba, saura lasin."

Kawu ya bugi ƙirji. "Shina nan."

"To in gani."

Kawu ya zura hannu cikin riga ya jawo igiyar, layu suka fito reras suna sheƙi. Ya ce, "Ga shi nan cikinsu."

Saurayin ya dubi layun, ya dubi Kawu. "Wanne ne, Baba?"

Nan Kawu ya sunkuyar da kai ya fara juya su ɗaya bayan ɗaya. Ya matsa wannan, ya shinshina wancan, ya kai wani kunne ya girgiza. Inna Kulu ta ce mini a hankali, "Wallahi bai sani ba."

"Ɗana," in ji Kawu, "wanda ag gabaninka shi yab ba ni da hannunai. Ka tambayi kowa."

"Na yarda, Baba. Amma ni an ce in gani da idona. Ragar da ban ga lasinta ba, in ɗauke ta in kai ofis, sai an bincika a Gusau."

"Yaushe za a bincika?"

Saurayin ya share zufa, kowa kuma ya gane sai bayan an buɗe tafki. Aka ce a kira baduku, aka ce ya tafi cin kasuwar Shinkafi, kuma ko yana nan shi ma ba ganewa zai yi ba. Mutane suka fara taruwa. Malam ya fito daga masallaci ya tsaya. Ya gwada roƙo, saurayin ya ce in ya ɗaga wa wannan ƙafa, ragogin da ya riga ya ɗauke a ƙauyen Banga da safe fa, me zai ce wa masu su? Gaskiyarsa ce, ban ga laifinsa ba.

Ku da ba ku tashi cikin masunta ba sai na gaya muku: a wurinsu layar da aka buɗe ta mutu. Ko an mayar an ɗinke, fata ce kawai. Kawu ya daɗe yana kallon tarunsa. Can ya ɗaga murya ya ce, "Hajaru, miƙo wuƙa."

Na sa hijabi na fito da wuƙar fiɗata, wadda ko gashi tana askewa. Shekaru ina roƙon Allah ya raba shi da layun nan, ban taɓa zaton da wuƙata za a yi ba, kuma a gaban jama'a. Na miƙa masa da hannu biyu na koma bakin zaure.

Ta farko da ya farke takarda ce da ayoyi, rubutun ya dushe. Malam ya karɓa da sauri ya sa a aljihun gaba. Kawu ya ce, "Wagga ta ciwon kai ce. Ba komi, dama ba ta aiki." Ta biyu haƙori ne na wata dabba da ɗan gashi. Wani saurayi mai sabon gemu ya fara a'uziyya da ƙarfi, Malam ya juya ya dube shi, ya rage murya. Ta uku wani ƙullin zare ne da ganye, da Kawu ya gan shi sai ya yi murmushin da bai shirya ba.

"Ta mece ce, Baba?" wani ya tambaya daga baya.

"Ta farin jini. Tun ina samrayi."

Inna Kulu ta ce daga bayan asabari, yadda kowa zai ji, "Ashe da ita anka ci ni. Ni ina cewa hankalina na." Wurin ya ɗauki dariya, har Malamin Kifi ya juya baya yana gyara jakarsa.

Haka aka yi ta yi, fata na taruwa a gaban Kawu, lasin bai fito ba, har saura biyu. Daga nan dariyar ta mutu, don 'ya'yansa sun daina ɗinki sun miƙe tsaye. Kowa a gidan ya san akwai guda ɗaya da ba ta fito ba tukun, ta nutso, wadda mahaifinsa ya cire daga wuyansa ya rataya masa ran da ya fara shiga Maikada. Ita ce a cewarsu ke riƙe numfashi, take kuma rufe bakin kada. Ɗaya ita ce, ɗaya lasin.

Kawu ya ɗora su a tafin hannu, ɗaya dama ɗaya hagu, yana aunawa. Ya miƙa wa Malamin Kifi. "Kai ka karatu. Zaɓi takardarku."

"A'a Baba, ba ni a ciki."

Ya juya wajen Malam. Malam ya ce, "Kawu, ni ba na duba."

Ya rufe ido ya ɗauki ta dama. Hannunsa da ke kwance igiya a ƙarƙashin ruwa cikin duhu, ran nan sai da ya soka wuƙar sau biyu kafin ta kama ɗinkin. Fatar ta buɗe, wasu 'yan ƙwayoyi baƙaƙe kamar irin yakuwa suka zubo, suka bi ta tsakanin yatsunsa suka watse a ƙasa. Kafin kowa ya motsa, kazata mai wake-wake, wadda ke kiwo a gindin tsamiyar tun safe, ta zo da gudu ta tsattsage su tas. Ta ɗaga kai tana jiran ƙari.

Ba wanda ya yi dariya. Babban ɗan Kawu ya karɓi wuƙar ya farke ta ƙarshen. Ga lasin nan a bushe ƙamas, ko ɗigon ruwa bai taɓa shi ba, sai dai basillar baduku ta huda kunnen Kawu a hoton. Malamin Kifi ya warware, ya karanta, ya ce daidai ne, shekara ba ta ƙare ba. Ya ciro wata leda daga jakarsa ya saka shi a ciki ya ƙulle ya miƙa da hannu biyu. Ya ce, "Baba, don Allah ka yafe mini." Kawu ya ce, "Aikinka kay yi." Saurayin ya hau babur ya tafi a hankali kamar mai barin gidan gaisuwa.

Taru ya tsira. Mutane suka watse. Sai Kawu ya jingina da tsamiya ya ce wa 'ya'yansa su naɗe ragar su kai gida, shi gobe ba ya shiga ruwa. Suka ce ai su za su ja. Ya ce in ta sarƙe fa, wa zai sauka? Cikinsu kuwa ba mai nutso. Malam ya zauna kusa da shi ya yi masa nasiha mai kyau, cewa ba fata ce ta tsare shi shekarun nan ba, Allah ne, ya yi bisimilla ya shiga. Kawu ya ce, "Na sani, Malam. Kaina ya sani. Ƙafafuna ba su sani ba." Ni ina bakin zaure ina kallon ɓuntun da muka tara buhu-buhu, ina tunanin ko awaki za su ci.

Ana cikin haka kazar ta sake giftawa tana taƙama. Na ga idon Kawu ya bi ta har ta shige zaure ta gefen ƙafata.

"Hajaru."

"Na'am, Kawu."

"Kazag ga, wa ad da ita?"

"Tawa ce."

"A yanka min ita. Yanzu, tun ba ta zubas ba."

Inna Kulu ta kama baki. Ni kuwa na tsaya da tunani biyu. Kaza ce mai ƙwai, wannan ƙarami ne. Babban shi ne na san abin da yake nufi da ita, kuma ban son hannuna a ciki. Na dubi Malam, Malam ya dubi sama, ya ga ba a rubuta komai a ganyen tsamiya ba, ya ce, "Ciyar da baƙo dai sunna ne. Niyyar kowa kuma tana tare da shi."

Na ce, "Kawu, zan dafa maka kaza, don kai kawuna ne kuma tun safe ba ka ci komai ba. Amma ka ji da kyau. Ƙundun nan tsaga shi zan yi in zubar da abin ciki in wanke tas, yadda Inna ta koya mini. Ba zan ba ka ƙazanta ba, kuma ba magani na dafa ba."

Ya lissafa abin a ransa. Can ya ce, "Wanke. Ya riga ya bi jini."

Malam ya yanka da bisimilla. Na fige, na wanke, na yi mata farfesu da citta da masoro. Kawu ya zauna a zaure ya cinye ta shi kaɗai, ya tauna ƙashi, ya shanye romo, ya suɗe kwano. Inna Kulu ta roƙi fiffike ɗaya, ya ce ita wane ruwa za ta shiga. Da zai tafi Malam ya raka shi har bakin hanya yana maimaita masa addu'ar da zai yi in zai nutsa, Kawu na cewa to, to, ba tare da ya ce zai shiga ko ba zai shiga ba.

Washegari ban hura wuta ba. Na jera waya, na kawo itace kusa, na zauna. Mata ba ma zuwa Maikada, labari sai wanda ya dawo. Azahar ta yi ba kowa. Ana kiran la'asar na ji kukan amalanke a ƙofar gida, da hayaniyar ƙartin Kawu suna neman a ba su hanya. Kwanduna ne cike, tarwaɗa wasu na motsi, karfasa masu faɗin faifai, har da ragon ruwa guda da sai da mutum biyu suka kama. Inna Kulu ta ɗaure zane ta ce in daina kallo in kawo toka.

Kawu ne ya shigo ƙarshe. Laka har cikin kunnensa, idanunsa jajur, ledar lasin na lilo a wuyansa ita kaɗai a igiyar. Na durƙusa na ba shi ruwa na ce, "Kawu, ya ruwa?"

Ya sha ya ajiye kwanon. "Ta sarƙe wajen babban kututture. Na sauka."

"Alhamdu lillahi. Ka yi addu'ar da Malam ya ba ka?"

"Na yi. Na kuma ci kaza." Ya goge baki da bayan hannu. "Ban san wadda tay yi aiki ba, kuma kak ki tambaye ni. Tashi ki hura wuta, kihi ba ya jiran wa'azi."